Yadda A Ke Ɗaukar Hoton Zumuntar Sassan Ƙwaƙwalwa

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a shafinmu na Hausa in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai wani darasi game da jikin ɗan Adam. Dukanmu mun san zanen nan na ƙwaƙwalwa da mu kan yi wa yara a allo: nan wurin gani, nan wurin ji, nan wurin magana, nan wurin motsa hannu da ƙafa. Zanen gaskiya ne, amma rabin labari ya ke bayarwa, gama yana kama da taswirar da aka sa garuruwa a cikinta aka bar hanyoyi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Haka sassan ƙwaƙwalwa su ke, dare da rana suna aika wa juna saƙo, da wannan kai da kawowa kuwa mutum ke tuna sunan ɗansa, ya gane hanyar gidansa, ya kai loma bakinsa. Akwai waɗansu cututtuka masu cin ƙwaƙwalwa sannu sannu, galibi a tsufa. Abin da na ke so in nuna shi ne yadda likitoci su ke ɗaukar hoton zumuntar nan, da yadda hoton ya nuna cewa hanyoyin nan cututtukan su ke bi, su kuma su ke yankewa.

1. Abincin Ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum kamar gram 1,300 zuwa 1,400 ne, watau wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Amma wajen ci ba ƙarama ba ce. In mutum na zaune yana hutawa, ita kaɗai ta kan kwashe wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Abincinta wani irin sukari ne da a ke kira gulukos, wanda jiki ke tatsa daga tuwo da doya da rogo da sauran abin da mu ke ci. Daga safe zuwa wata safiya ta kan ci wajen gram 120. Ba ta da rumbun kirki na ajiya, saboda haka tilas jini ya yi ta kawo mata sukari da iska ba fashi.

To, ina wannan abinci duka ya ke tafiya? A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Ko wace ƙwaya tana da 'yan rassa na karɓar saƙo, da dogon zare guda na aikawa. Wurin da zaren wata ya sadu da reshen wata, shi za mu kira mahaɗa. Masana sun lissafta, sun tarar mafi yawan sukarin nan wajen aikawa da karɓar saƙo ya ke ƙarewa, musamman a mahaɗai. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne tushen darasin duka. Sashen da saƙo ke shigowa cikinsa da yawa, shi ke cin sukari da yawa. Sashen da aka daina aika wa saƙo kuwa, cinsa ya kan ragu, ko da shi kansa lafiyarsa lau.

2. Sukarin Jabu da Injin Hoto

Wani likitan Amurka, Louis Sokoloff, ya yi shekaru yana gwaji da wani sukari mai kama da gulukos, wanda za mu iya kira sukarin jabu. Ƙwayar jijiya ta kan karɓe shi kamar na gaske, ta soma sarrafa shi, sai ya maƙale. Ba ya ƙonuwa, ba ya kuma fita da wuri, tamkar ɓeran da ya shiga tarko. Ke nan inda aka fi ci, nan ya fi taruwa. Sokoloff ya gwada wannan a ɓeraye, ya bayyana cikakkiyar hanyarsa a 1977. Tun kafin nan masana na ɗakin bincike na Brookhaven, kusa da birnin New York, sun liƙa wa sukarin wata alama mai suna fulorin-18, suka taƙaita sunansa da haruffa uku, FDG. A 1976 aka fara sa wa mutum shi, a birnin Filadelfiya.

Amfanin alamar nan shi ne ba ta da zama, tana ta rushewa kaɗan kaɗan. Duk sa'ad da ƙwayarta guda ta rushe, sai wani haske wanda ido ba ya gani ya fita gida biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ya yi nan, ɗaya ya yi can, sun ba juna baya sosai. Injin da ke kama hasken, wanda a ke kira PET, zobe ne babba da a ke sa kan mutum a tsakiyarsa. Masana na Jami'ar Washington ta birnin St. Louis ne suka bayyana shi a 1975. In idanu biyu na zoben masu fuskantar juna suka kama haske tare, an san daga kan layin da ke tsakaninsu ya fito. Daga miliyoyin layuka irin wannan kwamfuta ta ke haɗa hoto.

Ga yadda a ke yi a asibiti. Mutum ya kan yi awa 4 zuwa 6 bai ci kome ba. A yi masa allurar sukarin a jijiyar hannu, ya kwanta a ɗaki mai duhu duhu, ba magana, kamar rabin awa ko fiye. Sa'an nan a sa kansa a zoben wajen minti 10 zuwa 20. A hoton da a ke samu, galibi ja da rawaya su ne inda aka ci da yawa, kore da shuɗi inda aka ci kaɗan.

Akwai ɗan lissafi a nan wanda yaran manyan azuzuwa za su ji daɗinsa. Bayan ko wane minti 110, rabin ƙarfin alamar ya tafi. Bayan minti 220 saura rubu'i, bayan 330 saura sumuni. Domin wannan ba a iya ajiye sukarin a kantin magani. Tilas a yi shi a ranar, da wani babban inji mai tsada, a kuma kai shi asibiti da sauri.

3. Misalin Kasuwanni Uku

Hoton yana nuna inda aka ci da yawa da inda aka ci kaɗan. Yaya za a ga zumunta a ciki, tun da ya ke hanyoyin kansu ba su fito ba? Ga misali. A ce akwai garuruwa uku, ko wanne da kasuwarsa, kai kuwa ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ba, ba ka kuma da taswira. Abin da ke hannunka kaɗai shi ne littafin da aka rubuta kuɗin mudun dawa na ko wace kasuwa, mako mako, har shekara ta kewayo. Da ka duba sai ka ga duk makon da dawa ta yi tsada a gari na fari, ta yi tsada a na biyu. In ta faɗi a nan, ta faɗi a can. Na uku kuwa ba ruwansa da su. Ko ba a gaya maka ba, ka san akwai hanya mai kyau tsakanin na fari da na biyu, fatake suna kai da kawowa. In kuma a tsakiyar damina ka ga kuɗin garuruwan nan biyu sun rabu, ko wanne ya kama gabansa, sai ka ce lalle gada ta karye.

Haka masana su ke yi, sai dai a madadin makonni mutane su ke jerawa. Su ɗauki hoton mutane da yawa, su raba ko wace ƙwaƙwalwa sassa sassa, su rubuta yawan sukarin da ko wane sashe ya ci. In aka tarar duk mutumin da sashe kaza nasa ya ci da yawa, wani sashen ma ya ci da yawa, haka kuma wajen raguwa, sai a ce sassan nan biyu suna tafiya tare. Barry Horwitz da abokan aikinsa a cibiyar binciken tsufa ta Amurka suka bayyana irin wannan lissafi a 1984. Sun auna maza masu lafiya, an rufe musu ido, an toshe musu kunne. Suka tarar sashen dama da takwaransa na hagu suna tafiya tare, haka kuma sassan goshi da na saman kai ta baya. A 1987 suka maimaita lissafin da masu cutar Alzheimer, sai ga shi zumuntar goshi da saman kai ta ragu.

Mai koyarwa ya lura da abu biyu, kada ya wuce gona da iri. Na fari, garuruwa biyu na iya tafiya tare ba don akwai hanya tsakaninsu ba, sai don dukansu daga wata babbar kasuwa guda su ke saro dawa. Domin haka a kan gwama hoton sukari da wani irin hoto na injin maganaɗisu, wanda ke nuna zaruruwan kansu. Na biyu, lissafin nan na taro ne, daga mutane da yawa a ke fid da taswira guda. Bayan an sami taswirar cutar, sa'an nan a ke iya auna mutum ɗaya a ga iyakar kamar da hotonsa ya yi da ita.

4. Ciwon Mantuwa

A 1901, a birnin Frankfurt na Jamus, wani likita mai suna Alois Alzheimer ya duba wata mace 'yar shekara 51, Auguste Deter, wadda ta rikice har ba ta iya rubuta sunanta daidai. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya tarar da dunƙule dunƙulen wani abu tsakanin ƙwayoyi, da zaruruwa da suka harɗe a cikin ƙwayoyin. Cutar ta ci sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma cutar Alzheimer ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ciwon.

Ga abin mamaki. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak suka nuna harɗewar zaruruwan nan tana somawa ne a wani lungu can ciki, daura da kunne, gefen sashen da ke ajiye sababbin abubuwa, wanda za mu kira rumbun tunawa. Amma a 1997 Satoshi Minoshima da abokansa a Jami'ar Michigan suka nuna da hoton sukari cewa a farkon ciwon, inda ci ya fi raguwa wani wuri ne dabam, can tsakiya ta baya, wanda hanyoyi da yawa ke haɗuwa a cikinsa. Bari mu kira shi mararraba. Me ya haɗa rumbu da mararraba? Akwai wani damin zaruruwa da ya lanƙwaso daga wajen rumbun ya bi ta mararrabar. A 2008 masana na birnin Caen a Faransa suka nuna ƙanƙancewar rumbun tana tafiya tare da lalacewar damin nan, lalacewar damin kuwa tana tafiya tare da raguwar ci a mararraba. Watau ɗaya daga cikin dalilan da kasuwar mararraba ta yi sanyi shi ne fataken rumbu sun daina zuwa.

Wannan magana tana da tsohon tushe. Tun 1914 Constantin von Monakow, likita a birnin Zurich, ya koyar cewa rauni a wani sashe na iya sa wani sashe mai nisa ya yi shiru. A farkon shekarun 1980 injin PET ya nuna haka a fili a Faransa: wanda jini ya yanke wa gefe ɗaya na babbar ƙwaƙwalwa, sai a ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, a ɗaya gefen, ta rage aiki, alhali ba abin da ya taɓa ta.

Ko wace cuta kuwa da hanyoyinta. A 2009 William Seeley da abokansa a San Francisco suka duba cututtuka biyar da injin maganaɗisu, suka tarar ko wacce tana cin ƙungiyar sassa waɗanda dama can su ke aiki tare a jikin mai lafiya. Hoton sukari ma haka ya ke rarrabe su. Cutar Alzheimer ta fi nunawa a mararraba da gefen kunne da saman kai ta baya. Akwai wata mai kama goshi, wadda ke sake halin mutum tun kafin ya soma mantuwa, mai kunya ya zama marar kunya. Akwai kuma wata da ke nunawa a ƙeya, wurin gani, mai ita ya kan ga mutane ko dabbobi a ɗaki waɗanda ba su nan.

5. Ciwon Karkarwa

James Parkinson, likita a Landan, shi ya bayyana wannan ciwo a 1817: hannu na rawa, jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. Tushensa mutuwar ƙwayoyin wani ɗan baƙin tabo ne can ƙasan ƙwaƙwalwa, masu yin wani sinadari mai suna dofamin. Wurin ƙanƙane ne ƙwarai, amma a 1994 David Eidelberg da abokansa a New York suka nuna da hoton sukari cewa sassa da yawa ne ke sakewa tare. Waɗansu na can ciki da ƙaramar ƙwaƙwalwa suna ƙara ci, waɗansu na sama masu shirya motsi suna ragewa. Ku lura, ba kullum ciwo ke rage ci ba. In sarkin kasuwa ba ya nan, wani layi ya kan cika da hayaniya, wani kuwa ya watse.

Wannan taswira tana da amfani uku. Tana ƙara fitowa yayin da ciwon ke ci gaba, tana kuma raguwa in magani ya karɓi mutum. Tana taimakon likita ya rarrabe cutar Parkinson da waɗansu cututtuka masu kama da ita waɗanda maganinta ba ya yi musu aiki sosai. Har wa yau an gan ta a jikin waɗansu masu naushi da shuri cikin barci suna aikata mafarkinsu, tun hannunsu bai soma rawa ba.

6. Abin da Ya Shafe Mu Malamai

Wani zai ce, injin nan mai tsada ne, kaɗan ne a Afirka ta Yamma, har yanzu kuwa ba maganin da ke warkar da cututtukan nan. Gaskiya ne. Magungunan da aka yarda da su a Amurka a 2023 da 2024 domin cutar Alzheimer suna rage mata sauri kaɗan ne kawai. Duk da haka ina ganin darasin ya shafe mu ta hanya uku.

Ta fari, maganar maita. Wajen koyarwar gwaji na ji yara na kiran wata tsohuwa mayya, don ta kan fita da dare tana kiran sunayen matattu, ta kuma ce an sace mata abin da ita ta ɓoye. A wurare da yawa a ƙasar nan irin wannan suna ya kan jawo wa tsohuwa jifa, ko kora daga gida, har ma da rasa rai. Yaron da ya san akwai rumbu da mararraba da hanya tsakaninsu, ya san kuma hanyar na iya yankewa, da wuya ya ɗauki dutse.

Ta biyu, kada a ce gigin tsufa ne kawai a zauna. Rikicewar tsoho na iya fitowa daga abin da ke da magani, kamar ƙarancin bitamin B12, ko ciwon maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, ko wani magani da ya ke sha. Likita ne zai rarrabe. Sa'an nan wani kwamitin masana na mujallar likitoci mai suna Lancet ya lissafta a 2024 cewa abubuwa 14 da a ke iya gyarawa suna da hannu a wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. A ciki akwai hawan jini, da ciwon sukari, da taba, da yawan giya, da rashin ji, da kaɗaici, da ƙarancin karatu a yarinta. Na ƙarshen nan aikinmu ne.

Ta uku, maganar harsuna. A arewacin Italiya akwai wani yanki, Bolzano, inda mutane da yawa ke jin Jamusanci da Italiyanci. A 2017 Daniela Perani da abokanta na birnin Milan suka bayyana hoton sukari na masu cutar Alzheimer 85, guda 45 masu harshe biyu, 40 masu harshe ɗaya, ciwonsu kusan a mataki ɗaya. Masu harshe biyu sun girmi sauran da wajen shekara 5, ƙwaƙwalwarsu ta fi rage ci, amma zumuntar waɗansu sassansu ta fi ƙarfi, musamman masu sarrafa hankali. Harshe biyu bai hana su ciwon ba, ga alama dai sun fi jure masa, kamar garin da ke da hanya fiye da ɗaya in gada ta karye. Yaranmu da yawa suna zuwa makaranta da harshen gida da Hausa, mu kuma mu ƙara musu Turanci. Kada mu sa yaro ya ji kunyar ko ɗaya daga cikinsu.

7. Yadda Za A Koyar da Shi

Kayan aiki: zare, almakashi, da gyaɗa mudu guda. Fid da yara shida su tsaya nesa da juna, ka ba ko wanne suna, wannan rumbu, wannan mararraba, wannan goshi, da sauransu. Haɗa su biyu biyu da zare, ko wanne da 'yar gyaɗa a gabansa. Doka ita ce, duk wanda aka ja zarensa sai ya ci ƙwaya ɗaya. Bari su yi minti biyu, sauran aji na ƙirga ɓawo. Sa'an nan ka yanke zaren da ke tsakanin rumbu da mararraba, a sake yi. Tambayi aji, me ya sa mararraba ya daina ci, alhali ba shi da ciwon kome? Bari su samo amsar da kansu. Ina fata waɗanda za su fita koyarwa a zango mai zuwa su gwada, su rubuto wa Edita yadda ta kaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa sashen da aka daina aika wa saƙo ya ke rage cin sukari?
2. An yi sukarin FDG da ƙarfe 8 na safe. Kashi nawa na ƙarfinsa ya rage da ƙarfe 11 da minti 40?
3. Kawo dalili ɗaya da zai sa kasuwanni biyu su tafi tare ba tare da hanya tsakaninsu ba.
4. Wani yaro ya ce kakarsa mayya ce domin tana ganin mutanen da ba su nan. Rubuta amsar da za ka ba shi cikin jimla biyar.